Dala 2,100 a shafin intanet, dala 560 a asusun banki: lissafin alawus ɗin gidan wani tsohon sojan Amurka

A ƙarshen watan Yulin 2023 ɗan yayata ya kira ni a waya, muryarsa cike da fara'a. 'Yan watanni ke nan da ya ajiye kaki bayan ya yi wata 27 a rundunar sojan ƙasa ta Amurka. Ya samu gurbin karatu a wata jami'ar gwamnatin jiha, kuma har ya riga ya sa hannu a yarjejeniyar hayar gida mai ɗaki biyu na shekara guda, daga 1 ga Agusta. Ya ce, “Kawu, maganar haya ka cire ta daga ranka. Na duba, dala 2,100 za su riƙa ba ni duk wata, gidan kuwa 1,500 ne. Har canji zai rage mini.” Na ce masa madalla, amma ya turo mini takardar cancanta da Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wato VA, ta aiko masa, ya haɗa da kalandar makarantar. Lissafin kuɗi shi ne sana'ata, don haka a daren nan na zauna da takardun biyu. Abin da ya fito mini bai cika dala 13,000 a shekara ba, alhali shi 25,200 ya ɗora rayuwarsa a kai.

Adadin garinsu na daidaita shi zuwa 2,100 cif domin lissafi ya fito sarai. Sauran ƙa'idojin kuwa yadda suke a doka na kawo su.

Daga ina 2,100 ɗin ta fito

Yaron bai ƙirƙiri adadin ba, kuma bai karanta shi ba daidai ba. Tallafin da yake magana a kai yana ƙarƙashin dokar da ake kira Post-9/11 GI Bill, wadda Sanata Jim Webb na jihar Bajiniya ya jagoranci kawo ta, Shugaba George W. Bush ya sa mata hannu a ranar 30 ga Yunin 2008, ta fara aiki 1 ga Agustan 2009. Jikanyar dokar 1944 ce da Franklin Roosevelt ya sa wa hannu domin sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Abu uku take bai wa tsohon soja mai karatu: kuɗin makaranta da ake tura wa makarantar kai tsaye, kuɗin littattafai, sai alawus ɗin gida na wata-wata da ke shiga asusunsa, wanda ba a cire masa haraji.

VA ba ta zauna ta ƙiyasta tsadar haya da kanta ba. Aro take yi daga jadawalin da Ma'aikatar Tsaro ke fitarwa kowace shekara, mai suna BAH, wanda ke nuna abin da ake bai wa soja mai ci don haya da wuta da ruwa a kowane yanki. Daga cikin jadawalin layi ɗaya tak aka zaɓa wa duk ɗalibai: na mai matakin E-5, wato saje a sojan ƙasa, mai iyali. Ko da wane muƙami mutum ya bar aiki, ko yana da mata da 'ya'ya ko gwauro ne, layin nan za a duba masa. Ɗan yayata a matakin E-4 ya fita, bai kuma yi aure ba, to a nan dokar ta yi masa alheri. Yankin da ake dubawa kuwa ba unguwar da ɗalibi ke kwana ba ce. Lambar gidan waya ta harabar da yake zuwa da ƙafarsa ya ɗauki mafi yawan darussansa ita ake amfani da ita. Ya saka lambar makarantar a manhajar kwatanta makarantu ta VA, 2,100 ta fito masa, ya rufe shafin.

Ragi na farko, wanda yake rubuce a takardarsa

A takardar cancantar an rubuta kashi 80 cikin 100. Ya gani, amma ya ɗauka kuɗin makaranta kaɗai ya shafa. Ba haka ba ne, duka ukun ya shafa. Wanda ya yi wata 36 ko fiye a bakin aiki bayan 10 ga Satumban 2001 shi ke samun cikakke. Haka wanda ya samu lambar yabo ta Purple Heart a wannan zamani, da wanda aka sallama saboda naƙasar da ya samu a wurin aiki bayan aƙalla kwana 30 a jere. Daga wata 30 zuwa ƙasa da 36 kashi 90 ne, daga 24 zuwa ƙasa da 30 kashi 80, daga 18 zuwa ƙasa da 24 kashi 70, daga wata 6 zuwa ƙasa da 18 kashi 60, daga kwana 90 zuwa ƙasa da wata 6 kashi 50. Wata 27 ɗinsa sun ajiye shi a kashi 80, don haka 2,100 ta koma 1,680. Canjin dala 600 da yake hange ya zama 180 tun kafin a shiga aji.

Wannan kashi 80 ɗin ya jawo wasu abubuwa biyu. Kashi 20 na kuɗin makaranta ya dawo wuyansa, kuma shirin Yellow Ribbon da ke cike giɓin kuɗin makaranta na masu kashi 100 ne kawai. Kuɗin littattafai ma, da iyakarsa dala 1,000 ce a shekara, nasa ya tsaya a 800, ana biyan 400 a farkon kowane zango idan ya ɗauki kiredit 12, kiredit kuwa shi ne ma'aunin nauyin kwas a jami'a.

Kwas ɗaya da ya kusa cin dala 1,288

Ragi na biyu ya danganta da nauyin karatun da ɗalibi ya ɗauka. A zangon da aka saba, kiredit 12 shi ne cikakken karatu ga mai neman digirin farko. Ana raba abin da ɗalibi ya ɗauka da 12, sannan a kai sakamakon zuwa goma mafi kusa. Kiredit 11 ya zama kashi 90, kiredit 10 da 9 duk kashi 80, kiredit 8 kashi 70, kiredit 7 kashi 60. Wanda ya ɗauki 6, wato rabi daidai, ba ya samun ko sisin alawus ɗin gida, domin doka ta ce sai ya haura rabi. Tsakanin kiredit 6 da 7 akwai rami, kuma ɗalibai masu aiki da ke son rage nauyi su ne suka fi faɗawa ciki.

Ɗan yayata ya yi rajistar kwas huɗu, kowanne kiredit 3, ya ce ai shi ya cika 12. Na tambaye shi ko duka huɗun suna cikin jerin kwasa-kwasan digirinsa. Ya yi shiru, sannan ya ce ɗaya na ɗaukar hoto ne, sha'awa ce ta sa ya zaɓa. To VA ba ta ganin abin da ɗalibi ya yi rajista, abin da makaranta ta tabbatar mata take gani. Kowace makaranta tana da jami'in da aikinsa ke nan, kuma kwas ɗin da ke kai mutum ga digirinsa kaɗai zai tabbatar. Na ce masa, “Ɗana, gobe da safe kafin komai ka je ofishin tsofaffin sojoji na makarantarku da jerin nan.” Jami'ar da ya tarar ta duba ta ce lalle na hoton ba zai shiga ba. Da an bar shi haka, kiredit 9 za a ƙirga masa, alawus ɗinsa ya sauko zuwa 1,344 a wata, asarar dala 1,288 a zango guda. Ya sauya kwas ɗin kafin a rufe rajista. Tafiyar minti ashirin ce ta tsare masa wannan kuɗi.

Kalanda

Nan ne ainihin inda lissafinsa ya karye, kuma nan na fi daɗewa da shi a waya. Shi yana tunanin wata goma sha biyu ne saboda a bariki haka ya saba, albashi da alawus ba sa tsallake wata. Alawus ɗin ɗalibi kuwa kwana-kwana ake ƙirga shi, daga ranar da aka buɗe zango zuwa ranar da aka rufe, kuma kowane wata kwana 30 ake ɗaukarsa, ko Fabrairu ne ko Oktoba. Dala 1,680 a raba 30 ya ba da 56 a rana. Sannan ba a biya sai wata ya ƙare, wato kuɗin Agusta a farkon Satumba yake shigowa, alhali mai gida a farkon wata yake karɓar nasa.

Zangonsu na farko ya fara Litinin 21 ga Agusta, ya ƙare Juma'a 15 ga Disamba. Na biyu ya fara 16 ga Janairun 2024, ya ƙare 10 ga Mayu. Na sa shi ya ɗauko takarda ya rubuta watannin a jere, a gefe guda haya, a ɗaya gefen abin da zai shigo. Ranar 1 ga Agusta haya 1,500, abin da zai shigo babu. Farkon Satumba kwana 10 na Agusta, dala 560. Oktoba, Nuwamba da Disamba 1,680 kowanne. Farkon Janairu kwana 15 na Disamba, dala 840. Farkon Fabrairu kwana 15 na Janairu, 840 kuma. Maris, Afrilu da Mayu 1,680. Farkon Yuni kwana 10 na Mayu, 560. Yuli babu. Jimilla dala 12,880, haya kuma 18,000. Giɓin 5,120 ke nan, ba a zo maganar abinci, mota, waya da kashi 20 na kuɗin makaranta ba. A cikin wata goma sha biyu, shida ne kacal alawus ɗin zai iya biyan haya.

Da ya gama rubutawa sai na ji ya ja dogon numfashi. Ya ce, “Kawu, ke nan hutun Disamba a titi suke so mutum ya kwana?” Ban ga laifin tambayar ba. A shekarun farko na dokar ana biyan ɗalibai a gajeren hutun da ke tsakanin zanguna. Gyaran da Majalisar Dokokin Amurka ta yi a ƙarshen 2010, wanda aka sa wa hannu a Janairun 2011, shi ya soke wannan daga 1 ga Agustan 2011. Akwai hujja a bayan sokewar da ba zan raina ba. Tallafin wata 36 ne duk abin da tsohon soja yake da shi a ƙarƙashin wannan doka, kuma kwanakin hutun da aka biya daga cikinsu ake cirewa. Yanzu da ba a biya, kwana 230 na zanguna biyu wata 7 ne da kwana 20, shekara huɗu kuma wata 30 da kwana 20, har a samu rarar wata biyar da 'yan kwanaki. Duk da haka, a ganina nauyin wannan tsari ya fi sauka a kan wanda ba shi da ajiya kuma ba shi da gidan iyaye kusa. Hayar gida ba ta zuwa hutu, kuma watan da aljihu ya fi bushewa ya zo daidai da tsakiyar hunturu, lokacin da kuɗin ɗumama ɗaki ke hawa.

Abin da ya yi

Fita daga yarjejeniyar haya zai ci masa tara mai nauyi, don haka muka nemi hanyar zama da ita. Ɗakin na biyu da ya so ya mayar wurin karatu ya samu izinin mai gida ya saka wani ɗalibi, shi ma tsohon soja, wanda ya fara biyan dala 700 daga Oktoba. Rabonsa ya sauko zuwa 800. Hayar Agusta da Satumba daga ɗan abin da ya tara a soja ta fito, kuma ta kusa cinye shi tas. Ya cike takardar neman tallafin karatu na tarayya, FAFSA, wadda da farko ya ƙi kulawa don yana ganin mai GI Bill ba ya buƙata, alhali ɗayan ba ya hana ɗayan. Ya kuma shiga shirin aiki da karatu na VA, wanda ke buɗe ga mai ɗauke da aƙalla kashi uku cikin huɗu na cikakken karatu, ana biyansa mafi ƙarancin albashi na tarayya ko na jiha, duk wanda ya fi yawa. A watanni ukun da 1,680 ta shigo cikakkiya, ya riƙa ware 400 a wani asusu dabam saboda Janairu da Fabrairu.

Sau biyu a shekarar aka kusa sake ɓata lissafin. A tsakiyar Oktoba wani kwas na lissafi ya yi masa tsauri, ya ce zai ajiye shi. Saukowa daga 12 zuwa 9 ba a rage alawus na gaba kawai take tsayawa ba. Idan ɗalibi ya janye daga kwas ba tare da uzurin da VA ta amince da shi ba, irin rashin lafiya ko rasuwa a iyali ko sauyin aiki da ya fi ƙarfinsa, ana iya komawa da ragin tun ranar farko ta zango, abin da aka riga aka biya shi ya zama bashi a kansa. Akwai sassauci na sau ɗaya a rayuwa, har zuwa kiredit 6, inda ba a neman uzuri. Na ce masa wannan dama ce da ba ta dawowa, ya adana ta don ranar da babu makawa. Ya nemi darasin ƙarin haske a makarantar, ya ci kwas ɗin da kyar.

Na biyu a Disamba ne, lokacin rajistar sabon zango. Ya samu aikin da zai ba shi ƙarin awanni, ya yi tunanin mayar da duka darussansa ta intanet. Wanda karatunsa gaba ɗaya ta intanet ne ba a duba masa lambar gidan waya ta kowane gari, rabin matsakaicin ƙasa baki ɗaya ake ba shi. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 wannan ya kama dala 1,054.50 ga irinsa da suka fara cin moriyar dokar daga Janairun 2018, kashi 80 ɗinsa kuma 843.60. Rabin abin da yake samu ke nan. Kwas ɗaya da ake shiga aji da ƙafa ya isa ya riƙe masa adadin garinsu, don haka ya ɗauki biyu a aji, biyu ta intanet. Sannan duk ƙarshen wata akwai saƙon waya da ke tambayarsa ko yana nan a karatu. Dokar Isakson da Roe da aka sa wa hannu a Janairun 2021 ta kawo wannan, kuma wanda ya tsallake wata biyu a jere bai amsa ba ana riƙe masa alawus. Ya sa ƙararrawa a wayarsa saboda shi.

Me ya sa na nace a kan ajiya

Ya taɓa tambayata dalilin da ya sa nake matsa masa ya riƙe kuɗin hayar wata guda ko da lissafi ya daidaita. Na ba shi labarin kakar 2018, wanda sananne ne. A Agustan 2017 aka sa hannu a dokar Harry W. Colmery, wadda ake wa laƙabi da Forever GI Bill. Ita ta cire wa'adin shekara 15 ga waɗanda suka bar aiki daga 1 ga Janairun 2013, ita ce kuma ta sauya wurin da ake dubawa daga babbar harabar makaranta zuwa reshen da ɗalibi ke zuwa a zahiri. Ya kamata sauyin ya fara aiki 1 ga Agustan 2018, amma tsoffin na'urorin kwamfutar ma'aikatar ba su iya ɗaukarsa a kan lokaci ba. Dubban ɗalibai suka yi makonni, wasu watanni, kuɗinsu bai zo ba ko ya zo ba daidai ba. Majalisa ta zauna a kan batun a Nuwamba, Sakataren VA na lokacin, Robert Wilkie, ya sanar da ɗage aiwatarwar zuwa 1 ga Disamban 2019. Waɗancan ɗalibai da yawansu lissafinsu daidai yake, kuɗin ne bai iso ba a ranar da mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa.

A lamarin ɗan yayata babu wanda ya zalunce shi, duk abin da doka ta ce nasa ne ya same shi. Abin da ke damuna shi ne adadi ɗaya na wata shi ya fi fitowa fili a ko'ina, shi abokai ke faɗa wa juna a bariki, alhali kafin ya zama kuɗi a hannu sai ya bi ta kason cancanta, nauyin karatu, yanayin darasi da kwanakin zango. Yaron da ya fito daga inda ake shirya masa komai, daga makwanci har abinci, shi ake jira ya haɗa waɗannan da kansa a 'yan makonnin da yake neman gida a garin da bai sani ba. Da kowace makaranta za ta miƙa wa sabon ɗalibi takarda guda mai layi goma sha biyu, kowane wata da abin da zai shigo a farkonsa, kafin ya sa hannu a haya, da an rage wahala mai yawa. Jami'an da ke tabbatar da rajista suna da kalandar, suna ganin kason cancanta, aikin bai fi na 'yan mintuna ba.

Bazara da shekara ta biyu

Saura ramin Yuni da Yuli. A gajeren zango ba a neman kiredit 12. Ana ninka kiredit ɗin sau 18 a raba da yawan makonni, abin da ya fito shi ake auna wa da 12. Kwas biyu masu kiredit 6 a zangon mako 8 sun ba da 13.5, wato cikakken karatu. Ya yi rajistar zangon da ya fara 3 ga Yuni ya ƙare 26 ga Yuli, kwana 54, dala 3,024. Farashinsa shi ne wata 1 da kwana 24 daga cikin wata 36 ɗinsa, kuma rarar da muka lissafa ta ɗauke shi. Kuɗin littattafai bai ƙaru ba, domin ya riga ya cinye kiredit 24 da ake biya a shekara. Ƙarin da aka yi wa BAH a Janairun 2024, matsakaicin kashi 5.4 a faɗin ƙasar, shi ma bai taɓa shi ba tukuna. Sojoji masu ci tun Janairu suke ganin nasu, ɗalibai sai 1 ga Agusta.

Jimillar alawus ɗinsa na shekarar ta tashi dala 15,904. Daga ciki 1,568 ta shigo farkon Yuli, ta biya hayar ƙarshe. Sauran 1,456 na kwanakin Yuli sai a farkon Agustan 2024 ta iso, bayan yarjejeniyar ta ƙare. Ita ya haɗa ya biya kuɗin ajiya na sabon gida, ƙarami, kusa da makaranta, shi da abokin zamansa, kowa dala 650. Kafin ya sa hannu ya turo mini hoton takarda mai layi goma sha biyu da rubutun hannunsa. A layin Janairu da na Fabrairu ya ja jan biro, a gefe ya rubuta adadin da zai riƙa warewa daga Oktoba.